Ƙugiyar Sunan Ɗayyabu

Ku da kuke ta tambayata me ya sa na yi shiru, kuma ina aka kwana a maganar bikina, yau zan faɗa muku. Ban yi alkawarin zai yi muku daɗi ba. Ni kaina sai da na rubuta na goge, na sake rubutawa na goge, kafin na iya barin wannan.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Naja'atu, 'yar Malam Atiku mai hatsi a kasuwar Jega. Ina karatun kwamfuta a jami'ar da ke Aliero. An sa ranar aurena da Ɗayyabu, ɗan garin Danwarai, mai kai albasa Kudu, bayan babbar Sallah. Har lefe sun kawo tun da wuri, saboda ya ce in kakar albasa ta kankama ba zai zauna ba. Akwatunan suna jere a uwar ɗakin Inna, an lulluɓe su da tsohon zanen gado.

Da hantsi saƙon ya shigo. Ina tsakar gida ina wankin hijabaina, kumfa har gwiwar hannu. Rabon da in ji muryarsa an kwana biyu, in na kira sai a ce wayar a kashe take, amma ban damu sosai ba, don hanyar Kudu ta saba yi mana haka. Da na ga sunansa a fuskar waya sai na goge hannu a zanena ina murmushi.

"Naja'atu kiyi hakuri. Na fasa maganar aurenmu. Kada ki jira ni kuma kada ki neme ni. Allah ya baki wanda ya fini. Đayyabu."

Na karanta, na sake karantawa. Ban yi kuka ba. Sai kawai na zauna a bakin rijiya, ruwan wanki yana bin ƙasan zanena ban ko janye ba. Na kira lambar, ta shiga, aka katse. Na sake kira, aka kashe wayar gaba ɗaya.

Kafin azahar gidanmu ya cika. Gwaggo Tabawa, yayar Baba, ita ta fara isowa, mayafinta a kafaɗa, ɗaurin ɗankwalinta ya karkace saboda sauri.

"Dama ni na hwaɗi," in ji ta, tana zama a kan tabarma ba tare da an shimfiɗa mata ba. "Yaron da ka kwana bisa hanya, mi kunka sani game da shi? Ya samo wata can. A kwashe akwatunan ga a mayar musu tun garin bai ɗauka ba."

Inna ta ce a hankali, "Yaya, a bari dai a ji ta bakin manyansa."

"Wane baki kuma? Ga shi ya rubuta da hannunai."

Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai. Da hannunsa.

Bari in koma da ku baya kaɗan, don ku gane. Ranar da muka haɗu, a motar Aliero zuwa Jega ne, yana gaba ina baya, motar tana warin albasa kamar kowace motar Aliero. Da muka sauka ya bi ni da sallama har na yarda na karɓi lambarsa. Ya leƙo yana kallon abin da nake rubutawa, sai ya ɓata fuska.

"Wannan ba ni ba ne. Wani Dayyabu kika ajiye."

Na ce, "To ya kake so a rubuta?"

"Da ƙugiya. Mahaifina da ya raɗa mini suna bai ce Da ba, Ɗa ya ce. Amma na sani, waya ba ta da shi. Turawa ba su san da mu ba."

Na karɓi wayarsa a nan bakin tasha, na saka masa allon rubutu na Hausa, na nuna masa inda ɗ take, da ƙ, da ɓ. Ya rubuta sunansa ya tsaya yana kallo kamar an ba shi kyautar doki. Tun daga ranar ban taɓa ganin saƙonsa babu ƙugiya ba. Ko yana saman buhuna mota tana gudu, sai ya sa. Har neman kalmomi masu ƙugiya yake yi don kawai ya yi amfani da su. "Ƙanwata ɓarauniyar barcina, ɗan saƙo ne kawai." Irin wannan shirmen, ni kuma in yi ta dariya ni kaɗai a ɗakin kwanan ɗalibai.

To ga saƙo ya zo, an rubuta hakuri da k marar ƙugiya. Na ce a raina, ƙila hankalinsa ne ba ya jikinsa. Amma sunan fa? Na matso da wayar kusa da idona. Akwai wani abu a jikin D ɗin, sai dai ba lanƙwasa ba ce a sama ta hagu yadda na saba gani. Wani ɗan layi ne ya ratsa cikinta.

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na buɗe kwamfutata a kan katifa. Abin da aka koya mana a aji ne, ban taɓa zaton zan buƙace shi da zuciya tana bugawa haka ba. Kwamfuta ba ta san harafi ba. Lamba kawai ta sani. Duk wani harafi na duniya, na Larabci, na Sinanci, namu na Hausa, an ba shi lambarsa shi kaɗai a wani babban tsari da duk wayoyi suka yarda da shi. In ka danna harafi, lambar ce take tafiya, wayar da ta karɓa ita ke zana maka siffarsa. Harufa biyu suna iya kama da juna a ido, amma lambarsu ba za ta taɓa zama ɗaya ba.

Na kwafo harafin farko na sunansa daga wani tsohon saƙo, na duba. 018A. Wannan ita ce Ɗ ta Hausa. Na kwafo na sabon saƙon. 0110. Na nemi mai wannan lambar, sai na ga harafin wasu mutane ne can nesa, da shi suke rubuta yarensu, ba ruwansa da mu. Irin wanda ke fitowa ne in mutum ya danne D ya daɗe a allon Turanci, yana laluben abin da ya yi kama da ƙugiya.

Ma'ana, wanda ya rubuta ba da wayar Ɗayyabu ya rubuta ba, an cire layinsa an sa a wata. Kuma ya san Ɗayyabu yana sa ƙugiya a sunansa, ya yi ƙoƙarin kwaikwayo.

Wallahi masu karatu, farin ciki na fara ji. Bai fasa ba. Sai daga baya wani sanyi ya ratsa ni. In ba shi ba ne, to ina yake? Layinsa a hannun wa?

Bayan la'asar Baba ya dawo daga kasuwa, ƙurar gero a hularsa da kafaɗun rigarsa. Na same shi a zaure na durƙusa.

"Baba, ba shi ya rubuta saƙon nan ba."

Bai ɗago ba. Yana ta murza carbi.

Na yi masa bayani yadda zan iya. Na ce bari in turo masa sunayen biyu ya gani da idonsa. Na tura. Ya zaro ƙaramar wayarsa mai tocila daga aljihu, ya nisanta ta da fuskarsa, sannan ya miƙo mini. A wajen harafin farko, duka biyun, ɗan akwati ne kawai babu komai a ciki. Wayarsa ba ta da zanen ko ɗaya daga cikinsu.

"Ni ban ga bambanci ba, Naja'atu."

"Baba, wayarka ce ba ta iya nunawa. Amma lambobin..."

"Ɗiyata." Muryarsa ta yi ƙasa sosai. "Ki bar abin ga. Abin da Allah bai yi ba, ba a yi mai dole. Ki tashi ki shiga gida."

Ban taɓa ganin Baba ya kasa kallon idona ba sai ranar. Na ɗauka kunyar abin da aka yi mana ce.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Mata suna shigowa jaje kamar an yi mutuwa, kowace da labarin da ta ji. Wata ta ce an gan shi a Ibadan da wata mai sayar da abinci. Wata ta ce dama 'yan boko ba sa riƙe miji. Gwaggo Tabawa ta fara kawo zancen wani Munir, ɗan ƙawarta da ke aiki a Birnin Kebbi, wai ya daɗe yana tambaya. In na ce ba Ɗayyabu ya rubuta ba, sai a kalli juna. Na ji Gwaggo tana ce wa Inna a kicin, "A nema mata rubutu ta sha. Yarinya ta zauna tana gardama a kan ƙahon harafi, wannan ai ba lahiya ba."

Na daina cin abincin kirki. Rigunana suka fara yi mini yawa. Na tura saƙo lambarsa, na ce, "Ko wane ne kai, don Allah ka gaya mini ko yana da rai." Ba a amsa ba.

Ranar da na ga an yaye zanen gadon an fito da akwatunan tsakar gida, Gwaggo tana karkaɗe su, ranar na yanke shawara. Na sa doguwar riga baƙa da hijabi ruwan toka har ƙasa, na rataya jakar makaranta, na ce ina da darasi. A Aliero ban ko kalli ƙofar jami'a ba. Na tare ɗan kabu-kabu na hau babur ɗinsa na ce Danwarai.

Na san abin da na yi. Budurwa ta je gidan surukai da ƙafarta kafin a kai ta, a wajenmu abin kunya ne da ba ya wankuwa. Duk hanya ina ganin rumbunan albasa na kara a gefen gonaki, rana tana dukan kaina, ina ce wa kaina in juya. Ban juya ba.

Mahaifiyarsa, Inna Gudiya, tana tsakar gida tana ɗaure kwanon abinci a cikin tsumma. Sau ɗaya na taɓa ganinta daga nesa. Ta rame fiye da yadda na santa. Da na yi sallama na durƙusa na faɗi sunana, sai kwanon ya kusa suɓuce mata.

"Ke ɗiyar ga, mi ya kawo ki? Iyayenki sun sani?"

"Inna, ba su sani ba. Abu ɗaya nake so ki gaya mini, in tashi in tafi. Yana da rai?"

Ta daɗe tana kallona.

"Yana da rai."

"Yana ina?"

"An hana ni hwaɗi."

Na ce, "To ba sai kin faɗa ba. Abincin nan na wane ne?"

Ta sunkuyar da kai, hawaye suka ɗiga a kan tsumman. Can ta miƙe, ta ɗauki mayafinta, ta miƙo mini kwanon. "Riƙa min. Ni na gaji da ɓoyo."

Motar da muka shiga ta bi ta Jega. Na ja hijabi na rufe rabin fuskata har muka wuce kasuwa. A hanya ta ba ni labari guntu-guntu. Motar albasar ta kife ne can gaba da Kontagora. Yana sama, buhuna suka danne shi da ƙarfen mota. An yi jinyarsa a wani asibiti a can, sannan yayansa Barau ya dawo da shi a ɓoye zuwa Maiyama, gidan ƙanin Inna Gudiya, inda akwai maɗori a kusa.

"Karaya ce?" na tambaya.

"Ki bari ki gani."

Gidan na ƙasa ne, a bayan gari. Yaya Barau muka fara tararwa a ƙofar wani ɗaki yana wanke tsummoki a roba, ruwan ya yi ja-ja. Da ya gan ni sai ya miƙe tsaye, hannunsa yana ɗiga.

"Inna, don mi kinka yi haka?"

Ni na amsa. "Yaya Barau, kai ka rubuta mini saƙon?"

Ya kalli ƙasa. "Ni na rubuta. Wayarsa ta farfashe, layin kawai munka tsira da shi." Ya yi ajiyar zuciya. "Ya ce lalle in sa ƙugiya ga sunan, in ba haka ba, za ki gane. Na yi ta nema, wadda na samu ke nan."

"Shi ya ce?"

"Shi ya hwaɗi, ni na rubuta. Ban ƙara ko kalma guda ba."

Duk kwanakin nan ina riƙe da abu ɗaya, cewa maganar ba tasa ba ce. Ashe hannun ne kawai ba nasa ba.

Na ɗaga labulen na shiga.

Warin ne ya fara tarbata, warin magani da na rauni da zafin ɗaki. Yana kwance a katifa a ƙasa, an rufa masa zane zuwa ƙirji. Gemu ya cika masa fuska, idanunsa sun faɗa. An ɗaure hannunsa na hagu da karare tun daga kafaɗa. Ƙafa ɗaya ma haka. Na nemi hannun dama. Daga gwiwar hannu zuwa ƙasa babu komai, sai dunƙulen farin bandeji.

Ya gan ni. Ya juya fuskarsa bango.

"Wa ya kawo ta?"

"Ni na kawo kaina."

"Ki tafi, Naja'atu."

Na zauna a kan tabarmar gefensa. Na ajiye kwanon. Sai na ji bakina yana cewa, "Sannu."

"Na ce ki tafi. Ba na son ki gan ni haka."

"Ai na riga na gani."

Ƙuda ya sauka a goshinsa, ya girgiza kai, ƙudan ya tashi ya dawo. Na sa gefen hijabina na kore masa. Sai na ga kafaɗarsa tana motsi.

"Na hagun ma ba su da tabbas," in ji shi, har yanzu bango yake kallo. "Yatsun ba sa ji. Barau ke ba ni abinci a baki. Barau ke kai ni bayi. Barau ke yi mini alwala. Ke kina da karatunki, kina da ƙuruciyarki. Me za ki yi da ni?"

"Da ka tambaye ni."

"In na tambaye ki za ki ce kin yarda, don kunya. Daga baya ki tsane ni. Gara ki tsane ni yanzu."

"Ka san abin da ake faɗa a kaina a Jega? Ka san yau aka fito da akwatunanka? Baba ko idona ba ya iya kallo saboda kunya."

Sai a lokacin ya juyo kaɗan. "Ba kunya ba ce. Baba ya zo nan."

Na ji kamar ɗakin ya juya.

"Direbobi sun kai masa labari, ya zo shi kaɗai. Ya zauna inda kike zaune. Ya yi kuka, Naja'atu, ban taɓa ganin dattijo yana kuka haka ba. Bai ce in sake ki ba, wallahi bai ce ba. Ni na roƙe shi ya rufa mini asiri, na haɗa shi da Allah. Daga ƙarshe ya ce to."

Na tuna yadda na durƙusa a zaure ina ta bayanin lambobi kamar mahaukaciya. Kowa ya zauna ya yanke abin da ya dace da ni. Wanda nake so, da wanda ya haife ni. Saboda tausayi suka bar ni ina ramewa, mata suna yi mini dariya a bayan mayafi. Na rasa wanda zan yi fushi da shi. Mutumin da ke kwance ba hannu? Ko tsohon da ya yi kuka?

Inna Gudiya ta leƙo ta ce in buɗe kwanon tun bai huce ba. Tuwon dawa ne da miyar kuka. Na wanke hannu, na gutsuro loma na kai bakinsa. Ya datse leɓe. Na riƙe lomar a nan, miya tana bin yatsuna zuwa tsintsiyar hannu. Daga ƙarshe ya buɗe baki ya karɓa, hawaye yana gangarawa cikin kunnensa. Zan faɗa muku gaskiya tunda na saba. A daidai lokacin ina son sa fiye da kullum, kuma a daidai lokacin cikina yana tashi saboda warin raunin, har sai da na riƙe numfashi. Duka biyun gaskiya ne.

Muna cikin haka wayata ta yi ƙara a jaka. Baba.

Na goge hannu na ɗauka.

"Kina ina? An ce ba a gan ki makaranta ba."

"Ina Maiyama, Baba."

Ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa, wani yana kiran a kawo ma'auni.

"Ba shi wayar."

Na kalli Ɗayyabu, na kalli wayar. Na matsa kusa na kara masa a kunne da hannuna. Ba na jin abin da Baba ke faɗa, sai amon muryarsa kawai. Ɗayyabu ya ce, "Na'am, Baba." Ya ce, "A'a Baba, don Allah." Ya rufe ido. Ya sake cewa, "Na ji." Hannuna ya gaji amma ban sauke ba.

Da Baba ya gama, Ɗayyabu ya buɗe ido ya dube ni sosai, karo na farko tun shigowata.

"Ya ce ya sa a mayar da akwatunan ɗaki, kada kowa ya taɓa su. Ya ce ni da shi mun yi kuskure. Ya ce in tambaye ki a gabansa, yana ji. Kin ga yadda nake. Ba warkewa zan yi in koma yadda kika san ni ba. Ke me kike so?"

Inna Gudiya tana bakin ƙofa. Yaya Barau ya daina wankin. Baba yana kan layi yana jira.

Tun daga Jega har Danwarai har Maiyama, na rantse da amsata a bakina na taho. Na buɗe baki in faɗe ta, sai idona ya sauka a kan bandejin nan, inda wani jan ɗigo ya fara fitowa yana faɗaɗa a hankali. Na nemi amsar na rasa. Har yau da nake rubuta muku wannan ban same ta ba.

"Naja'atu," in ji Baba daga cikin wayar. "Muna saurarenki."